Sabon Lauya Da Ƙaton Kamfani: Faɗan Da Bai Kamata A Mai Da Shi Wasa Ba

Duk wanda ya bi ta Dutsen Alhaji ya haura Bwari da sassafe zai ci karo da samari da 'yan mata sanye da baƙi da fari, kowa rungume da tulin littattafai, ana sauri kada a makara. Ɗaliban Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya ke nan, wadda aka dawo da hedikwatarta nan daga Legas a 1997. Ɗan ƙanwata yana cikinsu. Kwanakin baya na kai masa ziyara, muka zauna wurin wani mai shayi, na tambaye shi inda ya nufa in Allah Ya sa ya ci jarrabawa aka sa masa gashin lauya.

Ya ce, "Kawu, wani babban ofishi zan nema in raɓa. Ko shari'ar zaɓe ko ta filaye. A nan abinci yake."

Na ce, "To shari'a da kamfanonin da ke cikin wayarka fa, su Meta da TikTok da Google?"

Ya yi murmushi ya ce, "Haba Kawu, faɗan da ya fi ƙarfinka ai sai ka mai da shi wasa."

Tun ranar maganar nan take yi mini yawo a kai, domin na san ba shi kaɗai ke tunanin haka ba. Ni kuwa ra'ayina shi ne yaron ya yi kuskure, kuma manyan da suka koya masa wannan tsoron sun fi shi kuskure. Ina ganin babu wani fagen shari'a a yau da ya fi buƙatar sabon lauya, musamman mai jin Hausa, irin gurfanar da manyan kamfanonin fasaha a gaban alƙali kan ɓarnar da ake yi wa mutanenmu ta dandalinsu. Kuma ina ganin in ba su suka yi ba, ba mai yi.

A duba yadda muke a Arewa. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu hukuncin bulala ashirin-ashirin, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka ɗora a TikTok game da gwamnan wancan lokaci. Irin waɗannan shari'u ba su da wuyar samu a wurinmu. 'Yan sanda sun san hanyar gidan mai rubutu, Hisba ta san hanyar gidan mai rawa, alƙali ya san yadda zai yi da su. Amma sau nawa muka ji an aika wa mai dandalin sammaci? Shi da ya zaɓi bidiyon ya tura wa mutum dubu ɗari biyar, ya manna talla a gefensa, ya karɓi kuɗin tallar da dala?

Amsar da kamfanonin suka saba bayarwa ita ce su fili kawai suka buɗe, ba su suka yi rubutun ba. A Amurka akwai wata doka ta 1996, sashe na 230, da ta ba su wannan laima. To amma Bahaushe ya daɗe da warware irin wannan gardama a kara. In aka sayar da saniyar sata, ba a barin dillali ya ce shi haɗa mai saye da mai sayarwa kawai ya yi. Ya karɓi la'ada, shi ya jawo saniyar gaba ya yaba ta, saboda haka da shi za a je gaban hukuma. Abin da kake gani a Facebook ko TikTok ba haka kawai yake faɗowa ba. Akwai tsarin kwamfuta da kamfanin ya gina, yana auna abin da ya fi tsayar da idonka, ya ƙaro maka irinsa, domin daɗewarka a kai ita ce hajar da yake sayar wa masu talla. Abin da ke tada hankali kuwa ya fi abin da ke kwantar da shi riƙe ido. Wannan dillanci ne, kuma laimar dokar Amurka ba ta da hurumi a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja.

Mun riga mun ga abin da wannan dillanci yake haifarwa. A watan Yunin 2018, lokacin kashe-kashen Barikin Ladi a Jihar Filato, an yaɗa hotuna masu tada hankali a Facebook, wasu ma ba a Najeriya aka ɗauke su ba, aka ce ga abin da aka yi wa 'yan uwanku. Aka tare matafiya a hanya aka hallaka mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Binciken da BBC ta fitar a ƙarshen shekarar ya nuna 'yan sandan jihar da kansu suna cewa hotunan sun ƙara rura wutar. Akwai marayu daga wannan rana. Wa ya taɓa shigar da ƙara a madadinsu kan wanda ya yaɗa hotunan gida-gida?

Masu cewa faɗan ya fi ƙarfin yaro ba su bibiyi tarihin wannan fage ba. A 2011 wani ɗalibin shari'a ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Max Schrems, bai ma gama karatu ba, ya rubuta wa Facebook ya ce a ba shi duk bayanan da aka tara a kansa. Aka aiko masa da shafi fiye da 1,200, har da saƙonnin da ya riga ya goge. Daga nan ya fara kai ƙorafi. A 2015 babbar kotun Tarayyar Turai ta rushe yarjejeniyar da ake fakewa da ita wajen kwashe bayanan Turawa zuwa Amurka, a 2020 ta sake rushe wadda aka maye gurbinta da ita, a 2023 kuma hukumar kare bayanai ta Ayilan ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tarar yuro biliyan 1.2 a kan maganar da ta samo asali daga ƙorafinsa. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Bai fi manyan lauyoyin Turai ilimi ba. Abin da ya fi su shi ne yana amfani da abin kullum, ya san inda yake yoyo, kuma ba shi da wani babban abokin hulɗa da yake tsoron ɓata wa rai.

Kada a ce wannan Turai ce. A Kenya, a 2022, wani matashi ɗan Afirka ta Kudu, Daniel Motaung, wanda aka ɗauka aikin tace abubuwan da ake ɗorawa a Facebook ta hannun wani kamfanin kwangila mai suna Sama a Nairobi, ya kai ƙara kan yanayin aikin. Meta ta ce ita ba ta da rajista a Kenya, kotun Kenya ba ta da iko a kanta. Lauyar da ta tsaya masa, Mercy Mutemi, ba daga wani ƙaton ofishi ta fito ba. A watan Fabrairun 2023 kotun ma'aikata ta ce za a iya gurfanar da Meta a Kenya, a Satumbar 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. A watan Afrilun 2025 kuma babbar kotun ƙasar ta ce tana da hurumin sauraron ƙarar Abrham Meareg, wanda aka kashe mahaifinsa, farfesa a Bahir Dar ta Habasha, a 2021, bayan an yaɗa sunansa da inda yake zaune a Facebook. Har yau ba a ce sun ci nasara gaba ɗaya ba, amma katangar nan ta "ba ku da iko a kanmu" ta riga ta tsage a Afirka, kuma ƙananan lauyoyi ne suka tsaga ta.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi, wadda nake ji daga bakin masu hankali, ita ce a bar wa hukuma. Ai gwamnatin Najeriya ba ta yi barci ba. Gaskiya ne. A watan Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, bayan binciken wata 38, ta ci Meta da WhatsApp tarar dala miliyan 220, kan rarraba bayanan 'yan Najeriya ba da yardarsu ba, da kuma nuna musu bambanci idan aka kwatanta da masu amfani da manhajar a wasu ƙasashe. Ranar 25 ga Afrilun 2025 kotun musamman mai sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar. Hukumar kare bayanai, NDPC, ita ma ta ɗora tata tarar ta dala miliyan 32.8. Na yaba wa ma'aikatan da suka yi wannan aiki, kuma na san a cikinsu akwai ƙananan lauyoyin da suka kwana suna karanta takardu ba wanda ya san sunansu.

Amma a yi lissafi. Kuɗin da Meta ta samu a 2024 ya haura dala biliyan 164. In ka raba shi da kwanakin shekara, za ka ga dala miliyan 220 ba ta kai cinikin rabin yini ba. Sannan ko an biya, aljihun wa za ta shiga? Baitulmalin gwamnati. Wadda aka yaɗa hotonta, da wanda aka sayar da lambarsa, ba su da ko kwabo a ciki. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Na uku, kuma shi ya fi damuna: abin da hukuma ta ɗaura, hukuma na iya kwancewa. Rikicin Meta da NDPC bai kai ga hukunci ba, a ƙarshen 2025 aka sasanta a wajen kotu. Sulhu alheri ne tsakanin masu rigima, amma ba ya barin hukuncin da wani lauya zai ɗauko gobe ya ce wa alƙali, ya mai shari'a, ga abin da kotu ta taɓa cewa. Gwamnati tana da buƙatu da yawa a wurin waɗannan kamfanoni, tana son jarinsu, tana son su horar da matasa, tana son su saurare ta ranar da take so a sauke wani rubutu. Matar da aka ci wa mutunci buƙata ɗaya gare ta. Ita ce ba za a iya lallashinta da alƙawarin zuba jari ba, kuma ita ce ke buƙatar lauya nata na kanta.

A nan nake so a yi hattara da wani abu. Ba kowane mai cewa a ladabtar da kamfanonin intanet ne yake nufin alheri ba. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta rufe Twitter bayan an goge wani rubutun Shugaba Buhari, aka yi wata bakwai a rufe, har kotun ECOWAS ta yanke a Yulin 2022 cewa rufewar ta saɓa wa haƙƙin faɗin albarkacin baki. Lauyan da nake kira a nan ba ɗan sandan mai mulki ba ne. Ranar da kamfani ya zalunci talaka ya tsaya wa talaka, ranar da gwamnati ta toshe bakin talaka ta hanyar kamfani, nan ma ya tsaya wa talaka.

Akwai masu tsoron kada a matsa wa kamfanonin su tattara su tafi. Ba tsoron banza ba ne. Ina da 'yan uwa mata da ke sayar da turaren wuta da atamfa daga cikin ɗakinsu ta Instagram da WhatsApp, da shi suke biyan kuɗin makarantar yara. Meta da kanta ta faɗa a takardun kotu a 2025 cewa tana iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Ba ta rufe ba. Ta taɓa yin irin wannan gargaɗi game da Turai, can ma tana nan. Ɗan kasuwa ba ya barin kasuwa mai mutum fiye da miliyan 200 don an ce ya gyara mudunsa.

Wani abokina lauya ya ce mini, "Malam, gidajen yarinmu cike suke da masu jiran shari'a, 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, kai kana maganar Facebook?" Na karɓi rabin maganarsa. Sai dai mun sha ganin 'yan bindigar nan a TikTok suna baje kuɗi da makamai, suna tara mabiya. Wayar ba ta wajen matsalolinmu, tana tsakiyarsu.

To me sabon lauya zai riƙe in ya shiga kotu? Ba hannu rabbana zai je ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kan duk kamfanin da ke sarrafa bayanan mutanen da ke Najeriya ko da shi ba a nan yake zaune ba, kuma ta ba wanda aka cuta damar neman diyya a kotu da kansa. Ƙa'idojin shigar da ƙarar haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun umarci alƙalai su ƙarfafa ƙarar da aka shigar don amfanin jama'a, kada su kore ta da hujjar cewa mai ƙarar ba shi abin ya shafa kai tsaye ba. Kuma an fara gwadawa. A watan Janairun 2026 wata babbar kotun Jihar Legas ta umarci Meta ta biya babban lauya Femi Falana dala 25,000 saboda wani bidiyon ƙarya da aka yaɗa a Facebook game da lafiyarsa. Dala miliyan 5 ya nema, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba, amma ƙofa ta buɗu. Tambayata ita ce: sai mutum ya zama babban lauya mai lambar SAN kafin a share masa hawaye? Mai kayan miya a kasuwar Bwari da aka yi wa irin wannan fa?

A nan ne ɗan Arewa yake da abin da babban lauyan Legas ba shi da shi, wato harshe. Shari'ar nan a kan hujja take tsayawa, hujjar kuwa da Hausa aka rubuta ta, Hausar waya, mai gajerce-gajerce da habaici da zambo. Akwai kalmar da in aka fassara ta zuwa Turanci ba komai ba ce, amma duk wanda ya tashi a Jos ko Kaduna ya san kira ne a fito da makami. Akwai sunan da in aka laƙaba wa yarinya a Zariya aurenta ya mutu tun kafin a ɗaura. Kwamfutar kamfanin ba ta gane wannan, lauyan da kamfanin zai ɗauko ma ba lallai ya gane ba. Wanda zai tsaya gaban alƙali ya warware ma'anar, ya nuna sau nawa aka kai ƙorafi ta cikin manhajar aka mayar da amsa cewa rubutun bai saɓa ƙa'ida ba, shi ne yaron da ya sha Hausa a nono ya kuma yi karatu a Bwari ko Bagauda ko Yola. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mutanen Kano kuwa bai kamata a koya musu cewa ana iya ja da ƙaton kamfani ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, ba maganinsa ba. Iyaye suka kai ƙara Amurka a 2001, gwamnatin Kano ta shigar da tata a 2007, aka sasanta kan dala miliyan 75 a 2009, iyalan farko suka karɓi diyya a 2011. Shekara 15. Darasin yana da fuska biyu, kuma ban ɓoye wa ɗan ƙanwata ta biyun ba: ana iya cin nasara, amma wanda ya fara shari'ar da ƙuruciya yana iya gama ta da furfura.

Wannan ya kawo ni kan maganarsa ta abinci, inda nake ganin yana da gaskiyar da ba zan iya ture ta da karin magana ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kowa ya san abin da ake biyan sabon lauya a yawancin ofisoshi, wani ko kuɗin motar zuwa kotu ba ya isarsa. Iyaye sun sayar da gona ko shanu sun biya kuɗin karatu, ƙanne suna jira. Ka ce wa irin wannan yaro ya ɗauki shari'ar da za a yi ta ɗagewa shekara biyar, wadda sai ya nemi izinin kotu kafin ya aika sammaci Kalifoniya, kuma a ɗaya ɓangaren akwai ayarin manyan lauyoyi da ake biya da dala, ba tare da ka ce ga abin da zai ci ba, wannan ba adalci ba ne. Max Schrems tallafin jama'a ya nema, daga baya ya kafa ƙungiya. Lauyoyin Nairobi akwai ƙungiyar Foxglove ta Ingila a bayansu. Ba wanda ya yi shi da yunwa shi kaɗai.

Saboda haka ƙorafina ba kan yaran yake ba, kan manya yake. Manyan lauyoyin Arewa da suka tara abin duniya a shari'un zaɓe, me zai hana kowannensu ya ɗauki nauyin ƙananan lauyoyi biyu na shekara uku, a ce wannan ne aikinsu? Tsangayoyin shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Danfodiyo suna da ɗaliban da za su iya tattara hujjoji. Cibiyar CITAD ta Kano ta yi shekaru tana bibiyar kalaman ƙiyayya a intanet, abin da ta tara yana jiran lauyan da zai mai da shi takardar ƙara. Attajiranmu sun san falalar waƙafi a kan masallaci da rijiya. Kare mutuncin matar da ba ta da gata shi ma abin a yi wa waƙafi ne. Ƙa'idar aikin lauya kuma ta yarda a yi yarjejeniya cewa sai an ci shari'a lauya zai ɗauki kasonsa, kuma in masu ƙara ɗari suka haɗu a kan magana ɗaya, ƙaramar diyya ta zama babba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Kuma ba dole a fara da giwa ba. Wata 'yar uwarmu mai sayar da atamfa a Kubwa ta ci bashin naira 20,000 a wata manhajar ba da rance. Ta makara da kwana huɗu. Aka kwashe lambobin da ke cikin wayarta, aka aika wa kowa saƙo da hotonta ana kiranta ɓarauniya, har surukanta da malamin Islamiyyar 'ya'yanta. Ta biya kuɗin, amma ta yi wata biyu ba ta shiga taron biki ba. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta taɓa cin wani kamfanin rance tarar naira miliyan 10 kan irin wannan ɗabi'a, wato doka ta san laifi ne. Abin da baiwar Allah nan ba ta sani ba shi ne tana da haƙƙin da za ta nema da kanta. Irin wannan shari'a sabon lauya zai iya ɗauka a shekararsa ta farko, a nan zai koyi yadda ake bin sawun bayanai, da yadda ake gano kamfanin da ya ɓuya a bayan suna uku.

Labarinta ne na ba ɗan ƙanwata kafin mu tashi daga wurin mai shayi. Bai ce mini komai ba a lokacin. Bayan mako guda ya kira ni da daddare.

Ya ce, "Kawu, matar nan ta Kubwa, wayar da aka turo saƙonnin tana hannunta har yanzu?"

Na ce tana nan.

Ya ce, "Don Allah a gaya mata kada ta goge komai, kada ta sayar da wayar. Waɗanda aka tura wa saƙon su ma a samu ko mutum uku su adana nasu. Sashe na 84 na dokar shaida yana buƙatar takardar da ke bayyana na'urar da aka ciro hujjar daga cikinta, in babu ita alƙali yana iya ƙin karɓa. In na gama jarrabawa zan je in gan ta."